Tukunyar da nake zuwa fotlok da ita a Minesota

Jama'a assalamu alaikum. Na daɗe ina so in yi magana a kan tukunyar nan tawa ta lantarki mai dafa abinci a hankali, wadda ake ce wa crockpot, don duk wadda ta shigo gidana cikin 'yan uwanmu sababbin zuwa sai ta tambaye ni wai Maman yara wannan ƙatuwar aba mai maƙalai a murfi ta mece ce, kuma da gaske ta kai kuɗinta? Toh a taƙaice eh ta kai har ta wuce, amma fa sai kin san abin da aka yi ta dominsa, in ba haka ba za ki saya ki zuba shinkafa a ciki ta caɓe ki ce an cuce ki. Kuma ba za ki gane amfaninta ba sai kin fahimci yadda mutanen ƙasar nan suke gayyatar juna cin abinci, saboda haka ku yi haƙuri zan ɗan zagaya kafin in dawo kan tukunyar.

Mun zo Amurka ƙarshen 2017, muka sauka kusa da Minneapolis. A watan Janairu wani abokin aikin mai gidan ya gayyace mu gidansa, saƙon ya ce ranar Asabar daga ƙarfe 5 zuwa ƙarfe 8, kuma kowa ya taho da abinci kala ɗaya da za a ci tare. Sai da nace da Abban yara ya sake karanto min. Abu biyu ne suka tsaya min a wuya, na farko an gayyace ka an kuma gaya maka lokacin da za ka tashi ka tafi, na biyu ka kira mutum gidanka sannan kace ya zo da tuwonsa. Da na gaya wa Umma a waya shiru tayi sannan tace toh ko dai ba su da hali ne, a yi musu uzuri. Nace Umma gidansu hawa biyu ne da mota biyu a gareji. Tace toh Allah ya kyauta, wannan kam rowa ce. Ni ma a lokacin haka na ɗauka wallahi, don mu da muka tashi ana ce mana baƙonka annabinka, ko kaza ɗaya ta rage a gida ita za a yanka, ina za ka iya buɗe baki kace wa baƙo ya riƙo kwano.

Wannan shi ne fotlok. Cin abinci ne na taro wanda kowa zai dafo nasa a jera a tebur ɗaya, kowa ya ɗauki faranti ya bi layi ya ɗebi abin da ransa ke so. A coci suna yi, a ofis suna yi, makarantar yara, unguwa, ranar bikin 'yancin kai 4 ga Yuli, ranar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka Super Bowl a Fabrairu, kai har bikin godiya Thanksgiving da ake yi Alhamis ta huɗu a Nuwamba gidaje da yawa mai gida talotalo kawai zai gasa, sauran kayan dangi ne za su kawo.

Ranar dai na zage na yi farfesun naman akuya, nace tunda abin haka ne bari su san an zo. Na juye a tukunyata ta ƙarfe na rufe na ɗaure da tsumma na sa a but. Sanyin ranar ya wuce 20 ƙasa da sifili, tafiyar minti arba'in ce, ga titi duk ƙanƙara mota na ta ɗan zamewa. Muna isa na buɗe but naga romo ya bi gefen tukunya ya jiƙa kafet, wanda ya rage kuma kitse ya daskare a samansa yayi fari fat kamar an zuba kyandir. Matar gidan ta karɓa da fara'a ta ɗora min a wuta ya narke, amma murhun nata duk a cike yake sai da na jira, kafin farfesu ya hau tebur rabin mutane sun riga sun cika faranti. Abin ya min ciwo sosai, don tun safe nake kansa. A nan ne na lura da tebur ɗin da ke jikin bango, tukwane biyar a jere kowacce da wayarta a soket, kowacce tana tururi, masu su sun shigo sun jona sun tafi hirarsu hankali kwance. Wata dattijuwa ta ga ina kallo, ita ce ta ja ni ta nuna min tata, ta nuna min maƙalan da ke danne murfin, tace shekararta talatin tana zuwa taron cocinsu da irinta.

Sati biyu bayan nan na sayi tawa, wajen dala 50 da 'yan kai. Kowa a nan crockpot yake ce mata, amma asali Crock-Pot sunan kaya ne na kamfani ɗaya, kamar dai yadda muke ce wa kowane garin wanki Omo, kowane dunƙule Maggi. Tawa ta wani kamfani ce daban, kuma duk kusan tsarinsu ɗaya. Asalin abin wani Bayahude ne a Chicago mai suna Irving Naxon ya ƙirƙira, ya samu rajistarta a 1940, saboda wani abincin wake da nama da Yahudawa ke bari ya kwana yana dahuwa a hankali don ba sa hura wuta ranar Asabar. Daga baya kamfanin Rival ya saya ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971, daidai lokacin da matan Amurka ke ta fita aiki, mace ta zuba kaya da safe ta dawo da yamma ta tarar abinci ya nuna. Ni abin da ya burge ni a labarin, tun asali don nama mai tauri da wake aka yi ta, kinga kuwa ai mu aka taimaka.

Yadda take: gida biyu ce. Akwai jikin waje na ƙarfe wanda wutar ke ciki, sai tukunyar tangaran mai kauri da ake zurawa a ciki a ciro a wanke. Tawa mai kwat 6 ce, wato lita biyar da rabi da ɗoriya, doguwa ce mai siffar ƙwai, tana cinye kaza guda ko kilo biyu na nama har da romo ba matsi. Murfin gilas ne da roba zagaye da bakinsa, sai maƙalai biyu hagu da dama da ake danne shi da su. Abin murɗawa ɗaya ne tal, Off, Low, High, Warm, shikenan. Akwai masu kwamfuta da agogo da suke komawa Warm da kansu in lokaci ya cika, sun fi tsada, ni dai mai murɗawar na ɗauka don ba abin da zai lalace a jikinta, kuma ga shi har yau tana aiki.

Abin da ya fi komai a wurina maƙalan nan ne. Tunda na saye ta ko ɗigo bai sake zuba min a mota ba, na sha taka birki da ƙarfi a kan ƙanƙara, na sha hawa gargada, in isa in buɗe in tarar miya tana inda take. Kuma tangaran ɗin yana riƙe zafi, in na cire daga wuta na naɗe ta da tsohon bargo, tafiyar minti arba'in a tsakiyar hunturu zan isa tana ƙona hannu, in jona in sa a Warm. Amma dan Allah a kula, ba a danne maƙalan lokacin da ake dahuwa, na tafiya ne kawai, takardar da ke cikin kwalin ma ta faɗa, tururi na buƙatar hanyar fita.

Wajen girki kuma, duk abin da ke son doguwar wuta nan ne gidansa. Ƙafar sa, ganda, bindi, kan rago, kayan ciki, tsohuwar kaza mai tauri da nake samu a shagon 'yan Somaliya, in na zuba da daddare bayan isha da citta da kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa da albasa na sa a Low, kafin asuba ƙamshi ne zai tashe ki, naman kuma yana zamewa daga ƙashi da kansa, romon yayi kauri yana danƙo a leɓe. Low awa bakwai zuwa takwas, High uku zuwa huɗu, amma ƙafar sa na fi so in ba ta awa goma. Wake ma yana yin lugub, sai dai jan waken nan nasu mai kama da ƙoda dole ki jiƙa ki tafasa shi sosai a kan murhu tukuna, yana da wani guba da ƙaramar wuta ba ta kashewa, wannan ba wasa ba ne. Miyar taushe tana yin daɗi a ciki, kabewar ta narke ta haɗe da gyaɗa, alayyahun ne kawai nake bari sai saura minti ashirin. Jar miya kuma sai na soya kayan miyan a murhu tukuna har mai ya taso sannan in juye, don tukunyar ba ta suya, in kika zuba ɗanyen tumatir haka nan tsamin ba zai fita ba. Da azumi kunun gyaɗa nake zubawa in bar shi a Warm, daga shan ruwa har a dawo tarawihi yana nan da zafinsa, sai dai ki riƙa juyawa kar ya kama gefe.

Kuskuren da kowa ke yi da farko shi ne ruwa. Mun saba ruwa na ƙonewa a tukunya, a nan kuwa ba inda yake zuwa, tururin ya hau murfi ya dawo, nama ma ya fitar da nasa. Rabin abin da kika saba zubawa ya isa. Kada ki cika ta fal, daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku. Kada ki sa nama a daskare, ki bari ya saki a firij tukuna. Sannan ki daure ki bar buɗe murfi, na san hannunmu ba ya haƙuri sai mun leƙa mun ɗanɗana gishiri, amma duk buɗewa ɗaya kin mayar da dahuwar baya da kusan minti ashirin.

Abin da ba ta iyawa: shinkafa dai na gwada sau uku, fara da dafa-duka, gefe ya ƙone tsakiya ya caɓe, na haƙura. Tuwo ba ma a magana. Miyar kuɓewa ɗanya yauƙin mutuwa yake in ta daɗe. Taliya ta zama fate. In dafa-duka za ki kai taro ki dafa a tukunyarki ta gado ki zuba a kula, ko farantin foyil a saka miki a oben.

Inda nake da ƙorafi kuma akwai. Wayarta gajeriya ce ƙwarai, ko kamu biyu ba ta kai ba, an ce da gangan ake yin su haka don kar yaro ya ja, na yarda, amma a wajen taro in soket yayi nisa kin shiga uku, shi yasa kullum akwai doguwar waya a jakata. Robar murfin tana riƙe wari, in na yi miya da daddawa sai na jiƙa ta a ruwan khal da bakar hoda kwana guda, in ba haka ba kunun da zai biyo baya sai ya ɗauko. Jikin wajen yana zafi sosai, ba a barin ta inda hannun yaro zai kai. Tawa ba ta da ko ɗan fitilar da zai nuna tana kunne, akwai ranar da na jona a wani soket da ashe ba wuta, sai bayan awa biyu na taɓa naji ta sanyi ƙalau, dole naman nan na juye a tukunyar murhu. Ga nauyi, in ta cika sai da hannu biyu da bismillah, kuma tangaran ne, in kika ciro daga firij kika ɗora a zafi kai tsaye ko kika zuba ruwan sanyi tana da zafi tsagewa zai yi.

Toh bari in koma kan mutanen, don shekarun nan da nayi ina yawo da tukunyar nan gida gida sun nuna min abubuwa da yawa. Na farko dai ashe su kansu Amurkawan ba bakinsu ɗaya ba a kan fotlok. Nan yankin tsakiyar ƙasar, Minesota da Wiskonsin da Iowa da Dakota, abin a jininsu yake, ya samo asali ne daga taron coci na manoma jikokin 'yan Norway da Sweden da Jamus, inda ake sauka ɗakin ƙasa na coci bayan ibada ko bayan jana'iza kowace mace da kwanonta. Abincinsu na gado sunansa hotdish, niƙaƙƙen nama ne da kayan lambu da miyar gwangwani mai kauri a jera soyayyen dankali ƙanana a sama a gasa, ba yaji ko kaɗan amma yana riƙe ciki a sanyin nan. Suna ji da shi har 'yan majalisarsu na tarayya sun riƙa gasar dafa shi a Washington, Tim Walz ma kafin ya zama gwamnan Minesota ya ci gasar fiye da sau ɗaya. Amma akwai wata abokiyar aikina da ta taso a kudu, jihar Jojiya, ita tace min a gidansu in kakarta ta gayyace ka cin abincin Lahadi ka shigo da kwano toh ka zage ta, fotlok na coci ne da taron dangi, ba na gayyatar gida ba. Naji kamar Umma ce ke magana. Ita ce kuma ta gaya min a wajensu baƙaƙen Amurka ba kowa ake bari ya kawo salak ɗin dankali ko makaroni da cuku ba, akwai gwaggo ɗaya da aka yarda da hannunta, kuma kafin mutum ya ɗiba sai ya tambaya wa ya yi. Wannan kam na gane shi sarai, mu ma ai ba kowa ake ba wa tukunyar waina ranar suna ba.

Akwai kuma waɗanda sam ba sa so. A wajen aikinmu akwai mata biyu da ba sa cin abin da aka dafo daga gida, sai wanda aka sayo a rufe daga shago, ɗaya tace min ita ba ta san kicin ɗin kowa ba, wani kyanwarsa a kan teburin girki take kwana. Ban ga laifinta ba. Kuma tsoron nasu yana da tushe, a 2015 a garin Lancaster ta jihar Ohayo an yi fotlok a wata coci, salak ɗin dankalin da aka yi da dankalin da aka adana a kwalba a gida ya kwantar da mutum sama da ashirin har da rasa rai. Shi yasa hukumar noma ta ƙasar kullum take nanata cewa kar dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya, kuma mai zafi a riƙe shi a digiri 60 na ma'aunin Celsius ko sama. Kinga a nan Warm ɗin nan yake da rana, abincinki yana kan wuta har a tashi, ba ki da fargabar cikin wani ya ɓaci ace naki ne. Wasu kuma haushinsu daban, su sun kwana suna girki wani ya shigo da ledar cips ɗaya ko faranti na takarda ya ci ya ƙoshi har ya yi guzuri. Saboda haka ne yanzu ake turo takarda a intanet kowa ya rubuta abin da zai kawo, kar a tashi da kek goma ba nama. Fotlok a bikin aure kuwa har su da yawansu suna ganin abin kunya ne.

Abin da ya fi ba ni wahala ban da girki shi ne tayi. Su sau ɗaya suke tayi. In aka ce ki ci kika ce a'a na ƙoshi irin ta kara da muka saba, kina jira a sake cewa haba dai ɗan taɓa, toh an wuce wurin, ba wanda zai sake, ba don ba su damu ba sai don sun ɗauka gaskiya kika faɗa kuma matsa miki rashin ladabi ne. Wata ƙanwar mai gidan da ta zo karatu haka ta dawo gida da yunwa ranar farko, idonta har ya kawo ruwa tana ce min Anti ko sau biyu ba su ce in ci ba. Na zaunar da ita na zuba mata tuwo na mata bayani. Haka zuwa gidan mutum ba sanarwa, ba a yi, sai an sa rana wani lokaci sati uku kafin nan, kuma ana so ki amsa za ki zo ko ba za ki zo ba, in an ce ƙarfe 5 toh 5 ɗin ake nufi. Amma fa suna da tasu karar, nan Minesota ba mai ɗaukar yankan ƙarshe a faranti, sai a raba shi biyu a bar rabi, wani ya zo ya sake raba rabin, na taɓa tsayawa ina kallon ɗan guntun kek da bai fi kan yatsa ba kowa na wucewa yana kauda kai. Sallama kuma sai a yi rabin awa a bakin ƙofa an sa riga an sa takalmi ana ta hira, kamar dai rakiyar matan gidanmu da ake kaiwa har bakin titi a dawo tare.

Mu musulmi sai mun buɗe ido a teburin nan. Naman alade yana shiga inda ba ki zata ba, cikin wake, cikin koren wake, a barbaɗe kan salak, har wani abin zaƙi mai rawa da suke yi da jelatin. Wani miyan da giya aka dafa. Ni tambaya nake kai tsaye kuma ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba, hasali ma maƙwabciyata yanzu in za ta yi waken sai ta ware min wanda ba naman alade ta liƙa takarda da sunana. Ni ma sai na koyi nawa nauyin, miyar taushe da kunun gyaɗa dole in rubuta a takarda babba cewa akwai gyaɗa a ciki, don akwai yaran da in suka ci ko kaɗan numfashinsu ke sarƙewa sai asibiti, wannan ba a sakaci da shi. Attaruhu kuma na rage shi zuwa ɗaya a tukunya guda, sai in tafi da dakakken yaji a ƙaramin kwalba in ajiye a gefe, masu so su barbaɗa. Kwalbar nan ba ta taɓa dawowa da komai a ciki ba. Sannan ki liƙa salatif a gindin tukunyar da jikin murfin da ludayinki ki rubuta suna, don a taro ɗaya sai ki ga iri ɗaya guda huɗu.

Ranar da zuciyata ta sauko gaba ɗaya a kan al'adar nan a masallaci ne, azumin 2019. Duk Asabar ana buɗa-baki na haɗaka, 'yan Somaliya da sambusa, 'yan Pakistan da biryani, Larabawa da miyar adas, wani dattijo Ba'amurke da ya musulunta shi kullum hotdish ɗinsa yake kawowa da naman halal. Na jona tukunyata a layin mata, farfesun bindi ne, na ɗaga murfi tururi ya tashi, wata tsohuwa 'yar Sudan ta matso ta shaƙa tace min da Hausa, 'yata wannan kimba nake ji? Ashe Bahaushiya ce, kakanninta ne suka tafi aikin hajji a ƙasa suka zauna a can. Muka zauna a tabarma ɗaya tana shan romo tana sa min albarka. Ina kallon kwanukan nan a jere sai Babanmu ya faɗo min a rai, Allah ya jiƙansa, yadda bayan isha ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida a Zariya, kowane gida a fito da kwanon tuwo, na gidan liman miyar kuka, namu kuɓewa, na gidan mai unguwa wani lokaci har da nama, maza su zauna a ci na wannan a ci na wancan, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ranar shi ma ya zauna ya ci ba wanda ya sani. Ciyayya. Da na kira Umma nace mata ashe ciyayya ce suke yi, sai tace toh ai da haka kika ce min tun farko.

Duk da haka ban bar nawa ba. In na gayyaci mutum gidana takanas, ko baƙo ya zo daga nesa, ko suna, ba zan iya cewa a riƙo komai ba, bakina ba zai furta ba, in sun tambaya me za mu kawo nakan ce ku kawo kanku, in sun nace ince toh lemo. Amma na daina ganin rowa ce. Mace tana aiki awa takwas ko goma sha biyu, ba 'yar aiki, ba ƙannen miji, ba maƙwabtan da za su shigo su kama miki yankan albasa, in aka ce sai ta ciyar da mutum talatin ita kaɗai kafin a taru toh ba za a taɓa taruwa ba, kowa zai zauna a gidansa sanyi da kaɗaici su cinye shi. Mu ma 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana da ke nan yanzu haka muke taron sallah, ana rabawa, wata waina, wata miyar taushe, wata zoɓo, ni kuma an riga an san farfesu nawa ne.

Wadda ke zaune a nan Amurka ko Kanada ina ba ta shawara ta saya, kuma ta ɗauki mai maƙalai, mai kwat 6 in iyali ne ko taro, ƙaramar mai kwat 3 ba ta kai wa ko'ina. In kuɗi ya yi kaɗan a duba shagunan kayan hannu, ana samu da arha, a dai duba tangaran ɗin ba tsaga kuma robar murfin ba ta saki ba. Masu cewa in auno musu ita zuwa gida kuma, gaskiya ban ba da goyon baya ba. Wutar nan 120 ce, tamu ta Najeriya da Nijar 220 zuwa sama, kina jonawa ba na'urar rage wuta za ta ƙone, sannan ko kin samu mai 220 ɗin, abu ne da ke son wuta awa takwas ba yankewa, in aka ɗauke tsakar dare kina barci naman ya kwana a ɗumi ya lalace ba ki sani ba. Sai dai mai sola mai ƙarfi, don ba ta cin wuta sosai, ko kusa da hita ko dutsen guga ba ta kai ba. Yayata da ta dage sai na kawo mata, tukunyar matsi na kai mata a madadinta, kuma ta fi mata amfani.

Asabar mai zuwa akwai taro a makarantar su autana, na riga na rubuta sunana a layin nama. Ƙafar sa na firij tana saki, ranar Juma'a da daddare zan ɗora in Allah ya kai mu.